Kurakuran da muke yi wajen zaɓa wa yaro mai ƙwaƙwalwa makaranta

Duk shekara in sakamakon JAMB ya fito sai ka ji gari ya ɗauka, ɗan gidan wane ya ci 280, mata har da guɗa. Shekara ta zagayo kuma ka gan shi a bakin tasha yana cajin waya. Ba ƙoƙari ya rasa ba, zaɓi ne aka ɓata tun a wajen cike fom.

Babban kuskurenmu, kowa ɗansa likita. Yaro ya ɗan yi ƙoƙari a sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa ko Dawakin Kudu shikenan, likitanci a BUK ko ABU Zariya, ba wanda ya tsaya ya tambaya kujeru nawa ne kuma mutum nawa ke rububinsu. Gurbin likitanci hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade wa kowace jami'a, ba ta isa ta wuce ba. Toh ku dubi makin da suka tsaya a kai bara, in na yaro bai kai ba a canza kwas ko makaranta tun da wuri, JAMB ta ba da damar hakan. Kuma a tambayi yaron kansa mana, wani lissafi ne a jininsa, injiniyanci a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil zai fi masa, wani ganin jini ma jiri yake sa shi amma Baffa ya riga ya sa masa suna Dakta.

Sai raina makarantun gida. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 cancanta, 35 'yan yankin da jami'ar take, 20 jihohin da aka bari a baya a boko, Kano da Jigawa duk suna ciki. Ɗan Ringim ko Gumel da ya sa Jami'ar Tarayya ta Dutse ko BUK yana da ƙofa uku kenan, in ya tsallaka can kudu ya yar da ta yanki da hannunsa. Ga ta Sule Lamido a Kafin Hausa, wacce wasu ke yatsina fuska in an ambata, alhali digirinta ma NYSC yake kai mutum. Sai dai ku sani yawancin jami'o'i wanda ya sa su zaɓin farko suke fara dubawa.

Inda na fi son a tsaya shi ne kuɗi. Mutane kuɗin rajistar shekarar farko kawai suke lissafawa, a sayar da buhun riɗi biyu ko a kai ɗan maraƙi Maigatari a biya, a ɗauka an gama. Ina! Likitanci shekara 6 ne, injiniyanci da lauya 5, ban da yajin aiki, kuma kowace shekara akwai ɗakin kwana ko haya in hostel bai samu ba, abinci, kuɗin mota, handawut, data, ga firojet a ƙarshe. Yaron da ke Dutse za a iya ba direba ƙullin garin kwaki da ƙuli ya miƙa masa ran kasuwa, wanda ke Legas sai dai tiransifa. A zauna da biro da takarda a ninka, in damina ɗaya ta ƙi za a iya ci gaba? In amsar a'a ce kar a je jami'ar kuɗi don gasa da maƙwabci. Bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da ya fara a 2024 babu ruwa a ciki, amma ɗaliban makarantun gwamnati ake ba.

Sai mai kafe, wato mai shagon intanet da ake ba cike fom. Ƙanina haka aka yi masa, mutumin ya sa imel ɗinsa da fasuwad ɗin da shi kaɗai ya sani, bai kuma ɗora sakamakon WAEC ba, muna ta jiran admishan a CAPS, shafin da JAMB ke fitar da shi, shiru, sai da na hau mota na same shi muka yi ta sa-in-sa kafin a gyara a cibiyar JAMB. Layin waya ya zama na yaro, imel nasa, ya tsaya a kan kwamfutar ya karanta darussan da aka zaɓa masa, don mai son injiniyanci da aka cire masa lissafi ko ya ci 300 ba inda za shi. In admishan ya fito kuma ya shiga CAPS ya karɓa da kansa, ya fitar da takardar ya adana tare da ta shaidar ƙaramar hukuma.