Darasi na 9: Zuwa gida gaida tsofaffi

Yawancin masu zama a wannan aji ba a garin iyayensu suke neman abinci ba. Wani yana unguwar Briketeri a Yawunde yana sayar da kilishi, wani yana tuƙin mota a Duwala, wata kuma aure ne ya kai ta Ngaundare, tsofaffi kuwa suna can Garwa ko Marwa ko wani ƙauye a bayansu. Shi ya sa na ɗauko karatun yau daga abin da ya same ni da kaina. Mai koyarwa ya karanta shi sau biyu a hankali, sannan ɗalibai su karɓa, kowa sakin layi guda.

KARATU

Duk ranar Juma'a nakan kira Inna a waya. Amsarta ba ta canzawa: "Lafiya lau, sai godiyar Allah." In na ce Baba fa, sai ta ce, "Yana nan garau, ya fita masallaci." Shekara biyu ina jin haka, ina tura ɗan abin da ya samu ta Orange Money, hanyar aika kuɗi ta waya, hankalina kwance.

A watan Afrilu na shirya zuwa gida. Na shiga jirgin ƙasa da yamma a Yawunde, muka kwana muna tafiya, wajen kilomita 620, gari ya waye mana muna dab da Ngaundare. Nan layin dogo ya tsaya tun da ya iso a 1974, saboda haka sauran hanya ta mota ce, sama da kilomita 270 zuwa Garwa. Da muka gangaro daga tudun Adamawa sanyi ya ce ga garinku. Kafin mu haye gadar Binuwai rigata ta manne a baya, don a irin wannan wata zafin Garwa yakan wuce awo 40.

Na yi sallama a zaure. Baba yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu. Na cire takalmi na tsuguna a gabansa. Ya ɗago kai ya dube ni, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Baba, ni ne."

Da murya ya gane ni. Ya laluba ya kama hannuna, ya riƙe, bai saki ba har muka gama gaisuwa. Da na duba da kyau sai na ga ƙwayar idonsa ta dama ta yi fari kamar an ɗiga nono. Wannan babu wanda ya taɓa faɗa mini shi a waya.

A cikin gida Inna ko kallona ba ta yi ba. Ni ne ɗan fari, kun san alkunya. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ke, ba wa baƙon ruwa mana." Amma an share ɗakina, an yayyafa ruwa a ƙasa, kunun gyaɗa yana nan rufe da faifai, kuma da dare aka yi tuwon dawa da miyar yakuwa da busasshen kifin tafkin Lagdo, abin da ta san ina so tun ina yaro. Na ci har na rasa inda zan sa kaina. Daren nan a tsakar gida muka kwana saboda zafi, ina jin tarin Baba daga nesa, raina fari tas.

Washegari aka shiga rabon tsaraba: goro, sabulu, sukari, ganyen shayi, turmin atamfa na Inna. Goggo ta aiko, maƙwabta suka shigo sannu da zuwa, kowa da ɗan abin da zai faɗa a kunne. Kafin la'asar rabin kuɗin da na ware na mako guda ya tafi. Wanda ya zo daga kudu, a idon mutanen unguwa, da buhun kuɗi ya zo.

Rana ta uku ce ta ɓaci. Ina neman ashana a ɗakin Inna sai na ga wata baƙar leda rataye a ƙusa, cike da magunguna. Na zazzage a kan tabarma na shiga karantawa. Akwai takardar likita mai cewa Inna tana da hawan jini, ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da safe. Kwalin yana nan kusan cike. Wasu kwalayen kuma lokacinsu ya wuce tun bara.

Na ce, "Inna, me ya sa ba kya shan wannan?"

Ta ce, "Ai kan ya daina ciwo."

Nan na yi kuskure. Na ɗaga murya. Na juya kan ƙanwata, wadda ita ce ke zaune da su tun da mijinta ya rasu, na ce wace irin kulawa ce wannan, ga magani ba a sha, ga idon Baba ya lalace ba a gaya mini ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Yaya, kai shekaranjiya ka zo, jibi-gata ka tafi. Ni ce nake ɗebo ruwa, ni ce nake riƙe hannun Baba zuwa bayan gida da dare. Takardar nan da Faransanci aka rubuta ta, ni ban iya karantawa ba. Su kuma suka ce kar a gaya maka, wai kana da naka nauyin." Ta shige ɗaki tana kuka.

Baba yana jin mu daga zaure. Da na fita ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ka bi gidan nan a hankali, yadda ka same shi." Na ce zan kai shi a duba idon. Ya ce, "Ciwon ido sai haƙuri. Tsufa ne, ba a kai tsufa asibiti." Ranar nan tuwon dare bai yi mini daɗi ba.

Da asuba na ba ƙanwata haƙuri. Ba ta ce komai ba, amma ta kawo mini kunu da kanta. Maganar ido kuwa ban sake tayar da ita da bakina ba. Na je wajen wani dattijo, abokin Baba tun suna samari, wanda aka yi wa aikin ido shekarun baya, yanzu har Alƙur'ani yake karantawa da tabarau. Bayan sallar magariba suka zauna su biyu a ƙofar gida. Ban san me suka ce ba. Da safe Baba ya sa babbar rigarsa ya ce, "To, ina motar?"

Likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cire ta. Aka ba mu rana bayan mako uku. Inna ma an auna ta, jinin ya hau sosai, aka sake rubuta mata magani. Ta yarda za ta sha. Rage gishiri da dunƙulen miya ne dai ta ce a bar ta, ba a koya wa tsohuwa miya. A nan ban ci nasara ba, kuma ban matsa ba.

Ranar komawa ta cika mini jaka da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta tsaya a bakin ɗaki, fuskarta a gefe, ta ce, "A gaida yaran." Baba ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Har muka wuce gada ban iya magana da na kusa da ni ba.

ABIN DA KE JIKIN TAKARDAR MAGANI

A nan nake so mu daɗe, domin da ƙanwata ta iya waɗannan 'yan kalmomi da rigimar nan ba ta taso ba. A ƙasarmu Kamaru yawancin likitoci da Faransanci suke rubutu. Ba sai ka iya harshen gaba ɗaya ba. Mai koyarwa ya rubuta waɗannan a allo da manyan baƙaƙe, kowa ya kwafa:

MATIN, wato safe.
MIDI, wato tsakar rana.
SOIR, wato yamma ko dare.
AVANT LE REPAS, kafin cin abinci.
APRÈS LE REPAS, bayan cin abinci.
COMPRIMÉ, ƙwayar magani.

Idan ka ga "1 comprimé matin et soir", ana nufin ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare. A gefen kwali kuma akwai EXP da lambobi a gabansa. Yawanci lambar farko wata ce, ta biyu shekara. EXP 03/2024 na nufin maganin ya ƙare aiki a ƙarshen watan 3 na shekarar 2024. Wanda ya wuce lokaci a raba shi da sauran, kar tsoho mai raunin gani ya laluba ya sha.

Ga wadda ba ta karatu, yi mata alama. Ni da biro na zana rana a kwalin safe, na zana jinjirin wata a na dare, Inna ta gane nan take.

Hawan jini mugun ciwo ne don sau da yawa ba ya nuna kansa. Mutum yana yawonsa lafiya, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awonsa lambobi biyu ne, ta sama da ta ƙasa. In an auna a ranaku biyu daban aka samu 140/90 ko fiye, to akwai shi. Maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Kullum ake sha, ko kai na ciwo ko ba ya yi, kuma likita ne kaɗai zai ce a canza ko a daina. Gishiri na ƙara shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, kuma ku tuna dunƙulen miya ma yawancinsa gishiri ne.

Yanar ido kuwa, wadda take sa tsofaffinmu zaman ɗaki, aikin cire ta ba ya daɗewa, kuma mafi yawa gani yana dawowa. Kar a bari mai yawo da kwalabe ya ɗiga wani abu a idon, kar kuma a bari a soke shi a gida.

LISSAFI

Tsofaffinmu da dala suke ƙirga, takarda kuma da sefa take zuwa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin 100 ke nan, dala ɗari 500, jaka ɗaya 1.000. In Inna ta ce ta sayi magani dala ɗari uku, nawa za ka rubuta a littafi?

Ga wani misali. A ce ka tashi da sefa 60.000. Kuɗin hanya zuwa da dawowa 30.000, tsaraba 12.000, abin hannu ga dangi da maƙwabta 8.000. Nawa ya rage? In maganin wata guda 3.500 ne, na wata nawa ragowar za ta saya, kuma nawa zai yi saura? Shawarata, kuɗin komawa da na magani a ware su tun kafin a shiga gari, a sa su a wani aljihu daban. Ni ban yi haka ba, sai da na ranci na mota.

MU TATTAUNA

Me ya sa iyaye suke ɓoye ciwo a waya? Wa ya fi gaskiya tsakanin mai labarin da ƙanwarsa? Ni dai na ba ta gaskiya. Mai tura kuɗi daga nesa shi ake sa wa albarka da babbar murya, mai wanke kaya da tashin dare kuwa an saba da ita har ba a ganin ta. In kun je gida, ku zauna da wanda ke riƙe da tsofaffin, ku tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya, ku karɓe shi aikin ko na kwana biyu ne ya samu ya yi barci. A cikinku akwai masu riƙon iyaye yanzu haka. Su fara magana, sauran mu saurara.

Sai tambaya ta ƙarshe: a gidanku, wane ne Baba yake jin maganarsa in ya ƙi jin taku?

RUBUTU

Buɗe sabon shafi. A sama rubuta sunan mahaifi ko mahaifiya, ko duk tsohon da kake kula da shi. A ƙasa rubuta sunan kowane magani da yake sha, da lokacin sha, da ranar komawa asibiti, da lambar wayar maƙwabci guda wanda za a iya kira da tsakar dare. Wanda iyayensa suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya rubuta na goggo ko kawu ko surukarsa.

Mako mai zuwa kowa ya zo da kwalin magani guda wanda babu komai a ciki. Za mu nemo EXP a jikinsa, mu karanta tare.