Yadda Ake Gyara Tsohon Jirgin Ruwa na Katako Domin Ajiyewa a Gidan Tarihi

Wanda ya sauka bakin teku a unguwar Jamestown ko Chorkor da ke Accra zai ga tsofaffin kwalekwalen masunta, waɗanda aka sassaƙa daga gungumen wani itace da ake kira wawa a Ghana, suna kwance suna ruɓewa cikin yashi. Idan wata ƙungiya a Nima ko Sabon Zongo ta ƙudiri aniyar ceto ɗaya daga cikinsu, ƙa'idar da za ta bi ita ce wadda aka bi wajen gyara manyan jirage masu filafilai.

Kafin kafinta ya taɓa komai, a ɗauki hoton kowane sashe, a auna, a sa wa kowane katako lamba, sannan a zauna da dattawan masunta domin su bayyana ma'anar zane da rubutun da ke jikinsa.

Babban aikin shi ne busarwa, kuma a nan ne gaggawa ke yin ɓarna. Katakon da ya daɗe yana shan ruwan gishiri, idan aka shanya shi a rana ko aka bar iskar hunturu ta buge shi, zai tsattsage ya karkace yadda ba zai sake gyaruwa ba. Jirgin Vasa na ƙasar Suwidin, wanda ya nutse a 1628 aka tsamo shi a 1961, sai da aka shafe shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki, wanda ke maye gurbin ruwan da ke cikin katakon. Kwalekwalen da ya jima a tudu ba ya buƙatar wannan. Ya isa a wanke gishirin da ruwan famfo, a sa shi a inuwa, ya bushe a hankali cikin watanni.

Daga nan a cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, a yi maganin gara. A ganina, kuskure ne a sabunta fentin, domin koɗewarsa ma tarihi ce, kuma duk katakon da ya zama dole a sauya, a yi masa alama.

Wajen baje kolinsa, kada a ajiye shi a ƙasa. A yi masa mazauni da zai tallafe dukan tsawonsa, a ƙarƙashin rufi mai shan iska. A kuma tanadi abin kashe gobara tun ranar farko, domin jirgin Cutty Sark na Landan ana tsakiyar gyara shi wuta ta kama shi a 2007, ba a sake buɗe shi ba sai 2012.