Kafin ka shiga na'urar IRM ta zuciya

'Yan uwana na Damagaram, in likita ya ce a yi maka IRM na zuciya kar gabanka ya faɗi, ba fiɗa ba ce, maganaɗisu ne mai ƙarfi ke nuna tabon naman zuciya da yadda take harba jini. Cire zobe, agogo, salula, har laya mai ƙarfe. In an taɓa sa maka batirin zuciya, don Allah faɗa tun farko saboda maganaɗisun, haka ma in kana ciwon ƙoda saboda allurar gadoliniyam, wadda ke sa hoton ya fito sarai. Wani gwajin ma sai ka bar shayi da goro awa 24, na san da wuya wallahi. Ƙara kam akwai, kwanciya kusan awa 1, in an ce riƙe numfashi ka riƙe.