Kurakuran da ake yi wajen auna mataki a rawar mutum biyu

Wallahi abin nan yana damuna, kusan duk Asabar in mun haɗu koyon rawa a Barnawa sai an samu wanda zai ce shi fa ya wuce ajin 'yan koyo a kai shi na tsakiya, ka tambaye shi dalili sai ya ce ai wata shida ke nan yana zuwa. Ɗan'uwa yawan watanni ba ya ɗaga mutum, kunne ake fara dubawa. A rawar salsa ƙidaya takwas ce, ka taka 1, 2, 3 ka ɗan dakata a 4, sannan 5, 6, 7 ka dakata a 8. A saka maka kiɗan da ba ka taɓa ji ba, in ba ka iya gano inda 1 take da kanka to har yanzu da saura. Gyaran kuma ba wuya, ka riƙa sauraro kana tafi da hannu ko a cikin Keke kake, ƙafa za ta biyo baya.

Sai masu tara salo daga TikTok. Kwanaki wani ango ya zo da amaryarsa saura sati biyu dina, ya haddace juyi kusan goma, amma duk juyin da zai yi sai ya fizgo hannunta da ƙarfi har gwaggwaronta ya karkace, ita kuma kunya ta hana ta magana sai matsa kafaɗa take. Na ce masa ango ajiye bakwai mu riƙe uku. Mai ja, wato wanda ke jagorantar rawar, ba kokawa yake ba, hannu ya ɗaga kaɗan sama da kanta a kan lokaci, yatsu a sake, ita za ta juya da kanta. Ke ma 'yar'uwa mai bi, daina cankar abin da zai yi kina riga shi, jira alamar ta iso.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne auna kai da abokin rawa ɗaya, kun saba, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri ba ku ma sani ba. A gasar rawar West Coast Swing a Amurka akwai wadda ake kira Jack and Jill, ƙuri'a ce ke haɗa ka da abokin rawa, kiɗan ma ba kai ka zaɓa ba, makin da ka tara a nan ne ke ɗaga ka zuwa aji na gaba. Mu nan da yawa da mata ko miji kaɗai suke rawa kuma hakan daidai ne, to sai ku canja kiɗa, mai sauri da mai sanyi, mata kuma a ajinsu su riƙa musayar juna.

Kuma don ka gwanance a salsa kar ka shiga rawar wals ko kizombar Angola kana cewa kai babba ne, wals ƙidaya uku ce, taku daban riƙo daban, layin 'yan koyo za ka koma ka fara daga 1.