Yadda Za A Yi Amfani da Littafin Hotuna Wajen Buɗe Bakin Yara a Laburaren Firamare

Duk wanda ya taɓa koyarwa a firamare ya san amsar da ke biyo bayan tambayar "Kun gane?", wato "E, Malam!" da murya ɗaya, ko an gane ko ba a gane ba. Littafin hotuna yana daga cikin abubuwan da ke karya wannan al'ada, domin yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba yana iya karanta hoto, kuma abin da ya gani nasa ne, ba haddar allo ba ce.

A fara da zaɓen littafi. Wanda ya fi dacewa shi ne mai hotuna manya da rubutu kaɗan, wanda a cikinsa wani ya shiga tsaka mai wuya, kamar yarinyar da aka aika kasuwa ta zubar da kuɗin cefane, ko yaron da akuyar gidansu ta yi ɓarna a gonar maƙwabci. Littafin da ya zo da wa'azinsa a shafin farko ba ya barin wurin magana. Idan laburaren bai wuce kabad ɗaya a ofishin hedimasta ba, shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver suna da littattafai da Hausa kyauta, waɗanda za a iya saukewa a buga. Lallai ne malami ya karanta littafin shi kaɗai tukuna, ya sa alama a shafuka biyu ko uku da zai tsaya a kansu.

A shimfiɗa tabarma, yara su zauna kamar jinjirin wata, malami ya zauna ƙasa-ƙasa ya riƙe littafin a gefen ƙirjinsa yana fuskantar su. Idan ajin ya kai yara saba'in, a kasa su gida uku, domin wanda bai ga hoton ba ba shi da abin cewa.

Muhimmin aikin yana cikin tambaya. Kafin a karanta kalma ɗaya, a rufe rubutun da takarda a ce, "Me ke faruwa a wannan hoton?" Idan wata ta ce yarinyar tana jin tsoro, kada a ce mata daidai ne ko kuskure ne, sai a ce, "Me kika gani da ya sa kika faɗi haka?" A nan ne za ta koma ga hoton ta nuna idanu, ko hannun da aka ɗora a ka, wato ta fara kawo hujja. Sannan a juya ga sauran: "Wa ya ga wani abu dabam?" Wannan salo na mayar da yaro mai ba da labari, babba kuma mai sauraro, shi ne masanin halayyar yara Grover Whitehurst da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a 1988, suka ga ya bunƙasa kalmomin ƙananan yara.

Bayan tambaya, a yi shiru. Mary Budd Rowe, wata mai binciken harkar koyarwa a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. A ganina wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, inda aka tarbiyyantar da yaro kada ya yi saurin magana a gaban babba. Mai kunya, musamman cikin 'yan mata, a bar ta ta fara raɗa wa ta kusa da ita, kafin a nemi ta faɗa wa kowa. Kada a gyara wa yaro karin harshensa a tsakiyar magana, ko Basakkwace ne a Kano, domin gyara ɗaya yana iya rufe bakinsa har ƙarshen zango.

Minti ashirin sun isa. Kafin a buɗe shafin ƙarshe, a tambaye su yadda suke zaton labarin zai ƙare, a saurari uku ko huɗu, sannan a karanta. A bar littafin a kan tabarma bayan an tashi, domin akwai waɗanda za su dawo su duba hoton da aka yi gardama a kansa.