Kurakuran da ake yi wa mai koyon magana bayan shanyewar ɓarin jiki

Wallahi abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake ɗaga wa majinyaci murya kamar kurma. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki magana ta ƙwace masa, sai kowa ya zo yana masa ihu a kunne ko a dinga lallaɓa shi kamar jariri, alhali kunnensa ƙalau hankalinsa na nan, kalmar ce kawai ta ƙi fitowa. Likitoci na kiran wannan afeziya, tana samun kusan mutum 1 cikin 3 na masu ciwon, galibi in ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya ba da labarin majinyacinsa da ba ya iya cewa komai sai "tan" amma yana gane abin da ake faɗa masa. To ku kashe talabijin ku zauna gabansa, ku yi gajeriyar magana sannan ku yi shiru ku jira. Na san jiran nan akwai wuya, kana kallon leɓensa na rawa kana so ka ƙarasa masa, dan Allah kar ka ƙarasa.

Sai batun motsa baki, nan ne mutane suka fi ɓata lokaci. A sa shi gaban madubi ya yi ta zaro harshe yana kumbura kumatu yana hura balan-balan, a ce ai an yi atisaye. Ko wanda matsalarsa raunin leɓe da harshe ce, wato maganar na fita amma a cakuɗe, wannan motsin shi kaɗai ba ya mayar da magana, da magana ake koyon magana. Ku zaɓi kalmomin da yake buƙata kullum, ruwa, banɗaki, ciwo, sunayen 'ya'yansa, ya faɗa a hankali gaɓa-gaɓa, minti goma ko sha biyar sau da yawa a rana ya fi awa guda a jere da zai gajiyar da shi. In kalma ta maƙale ku gwada ƙirga ko waƙar da ya sani tun da, wasu sai ka ji ta fito tar.

Kar kuma a haƙura don an yi wata shida, ana samun sauƙi har bayan shekaru in ana ci gaba da aiki da ƙwararren mai gyaran magana. Amma in yana ƙwarewa ko tari duk sanda ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkurar baki, ku daina ɗura masa ku kai shi a duba haɗiyarsa, don ruwan na iya gangarawa huhu ya jawo nimoniya.