Yadda za ka tura saƙo ba sai an kira ka an ce "me kake nufi?" ba

Yayata tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp daga gida a Tudun Wada ta Kaduna, telanta kuma yana Kasuwar Bacci. Ana saura kwana uku sallah ta aiki 'yar maƙwabta ta karɓo ɗinkin wata kwastoma, yarinyar na fita sai ta ɗauki waya ta tura masa kalma uku, "ka bata kayan". Ko minti biyu ba a yi ba sai ga kira, bawan Allahn nan rai a ɓace, ana jin ƙarar kekuna a bayansa, "Hajiya me na ɓata? Wallahi yadda aka ba ni awo haka na yanka, kwana biyu ban runtsa ba a kan ɗinkin nan." Ita nufinta ya ba ta kayan, wato ya miƙa wa yarinya, shi kuwa ɓata ya karanta. Aka yi ta ba shi haƙuri, har yarinyar ta isa shago bai gama hucewa ba.

To masu cewa "ai hira ce ba jarrabawa ba, an dai gane" suna da gaskiyarsu, ni ma in ina hira da abokina ba na tsayawa ɗora waƙafi. Abin da nake so ka koya shi ne gane saƙon da zai iya juya maka baya, ka ba shi sakan goma kafin ka danna. Sauran ka bar su yadda suke.

Fara da tambayar kanka wa zai karanta, kuma me zai biyo baya in ya karanta a karkace. In abokinka ne da kuka taso layi ɗaya, "ykk", "lfy lau", "ngd", duk babu laifi, ya san bakinka, ko rabin kalma ka rubuta zai ƙarasa. Wannan gajarcewar ma tana da asali, ba lalaci ne kawai ba. Da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 kowane tes kuɗi ne, harafi 160 kake da shi, ka wuce a caje ka na biyu, ga madannan wayar nan da sai ka danna 9 sau huɗu kafin z ta fito alhali x sau biyu ce, ni dai ina ganin daga nan "xan xo" ta samo tushe, zamanin manhajar hira ta 2go ya zo ya ƙara mata gishiri. Har yau ma in ka sa ƙ ko ɗ a tes na layin waya, iyakar saƙon tana faɗowa daga 160 zuwa 70. Amma a WhatsApp da Facebook ba mai ƙirga maka harafi, uzurin ya ƙare, saboda haka in surukinka ne ko malaminka ko mai ɗaukar aiki ko kwastoman da bai taɓa ganinka ba, cika kalmarka. Sallama musamman. Dattijo ya buɗe waya ya ga "slm" daga yaron da ke neman 'yarsa, haba.

Na biyu, gyara kibod ɗinka, aikin minti ɗaya ne. In Gboard, wato kibod ɗin Google, kake amfani da shi ka shiga saiti, wajen harsuna, ka ƙara Hausa. Daga nan ɓ da ɗ da ƙ za su samu, in ba ka gan su a fili ba ka danne b ko d ko k ka riƙe, mai lanƙwasar zai fito. Ribar da ta fi wannan ma ita ce wayar za ta rage shisshigin mayar maka da kalmar Hausa ta koma Turanci, wanda ya taɓa rubuta "sai" ya ga wata aba daban ta tafi ya san zafin abin. Waɗannan haruffan ba kwalliya ba ce, kowannensu sauti ne mai zaman kansa. Kafa daban ƙafa daban, kaya daban ƙaya daban, haka bari da ɓari, kara da ƙara, fada da faɗa, daka da ɗaka. Ba kuma jiya aka ƙirƙiro su ba, tun 1912 wani Bature, Hans Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko, a shekarun 1930 aka koma ga haruffa masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta taimaka wajen sabar wa mutane da rubutun, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka sake zama kan ƙa'idojin rubutun a Bamako a 1966. An sha wahala a kan abin nan kafin ya iso tafin hannunmu.

Masu sa q a madadin ƙ, "qasa", "qarya", ni ba na ganin baƙinsu sosai, aƙalla sun ji cewa sautin daban ne suna neman yadda za su nuna. Wanda ban gane ba shi ne "chikin" da "chan", an ƙara harafi an kuma bar ƙa'ida, ba riba ta ko'ina.

Yanzu ga inda ainihin rikicin yake, raba kalma da haɗe ta. Ko kibod ɗinka ba shi da lanƙwasa, in ka iya wannan ka tsira daga yawancin matsala, domin da yayata ta bar fili ɗaya tak tsakanin "ba" da "ta" da tela bai kira ba. Dubi waɗannan: "ku sa" da "kusa", "sa mu" da "samu", "ta fi" da "tafi", "ku ma" da "kuma", "ka sa" da "kasa", "da ma" da "dama". Ka rubuta wa yaron shago "kasa kudin a akawun", ya zai yi, ya sa ne ko ya kasa kashi-kashi? Dabarar da nake bi mai sauƙi ce, ka gwada cusa wata 'yar kalma a tsakani kamar "ɗan". In ta shiga, kalma biyu ce. Ana cewa "ya ɗan yi", to "ya yi" za ka rubuta, ba "yayi" ba, yayi ai na atamfa ne da ake yi a daina. Ana cewa "na ɗan ga", to "na ga". Amma ba mai cewa "ya ɗan na zuwa", don haka "yana" a haɗe take, haka tana, muna, suna, yake, suke. Abin mallaka gajere a manne yake, gidansa, motarta, kuɗinmu. Wanda aka yi wa aikin kuma a ware, kira shi, ba ni, tura su. "Ne" da "ce" su ma zaman kansu suke, shi ne, ita ce. Iyakar abin ke nan da mai hira yake buƙata, sauran sai ɗaliban sashen Hausa.

Sai dai kar ka ɗauka in ka bi ƙa'ida an gama. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na tuwo da gari na mutane duk iri ɗaya ake rubuta su, fari na launi da fari na rashin ruwa haka, baƙi na tukunya da baƙi masu sallama haka. A nan magani shi ne ka ƙara kalma ɗaya da za ta tsare ma'anar, "garin masara", "baƙin da suka zo daga Zariya".

Kuɗi, adireshi da lokaci, waɗannan ukun kar ka yi musu rowar harafi ko da ƙaninka kake wa saƙo. Rubuta 15,000 da sifilinta cif, ka ƙirga lambar akawun ka ga goma ce, ta waya sha ɗaya, ka sa sunan banki da sunan mai asusun. Adireshi kuwa a Kaduna sai a hankali. Ka rubuta wa mai kai kaya "U/S", Unguwar Sarki ce ko Unguwar Shanu ko Unguwar Sanusi? Ko "T/Wada" ma akwai ta Kaduna akwai ta Zariya, kuma kuɗin mai ba ɗaya ba ne. A guruf na dangi kar ka ce "ɗaurin aure gobe" kawai, wata gwaggon sai bayan kwana biyu za ta sa data ta buɗe, rubuta Asabar, kwanan wata, ƙarfe nawa, wane masallaci.

Saƙon ta'aziyya shi ma ka natsu. "Allah ya jikan baba" muke ta turawa, jika kuwa ɗan ɗa ne, abin da ake roƙo shi ne Allah ya ji ƙansa. An san nufinka, ba wanda zai riƙe ka, amma mutumin da ke zaune kan tabarmar makoki ya cancanci jimla cikakkiya, ba "Allah jkn rai" da sitika ba.

In ka riga ka tura ka hango kuskure, WhatsApp yana ba ka minti 15 ka gyara, ka danne saƙon ka riƙe ka zaɓi gyara. In maganar mai nauyi ce, bashi ko saɓani ko zancen aure, ajiye rubutu ka yi saƙon murya ko ka kira, rubutu ba ya ɗaukar dariya ko lallashin da ke cikin murya, "to" ɗinka ta lafiya lau wani zai karanta ta da fushi.

Gyara wa wasu fa? Ni dai a bainar jama'a ba na yi. Kaduna ce nan, Bagwari da Bajju da Banufe da Bayarabe da Ibo duk da Hausa ake ciniki daga Kawo har Kakuri, da yawa a kasuwa suka koye ta ba a aji ba, wasu Hausawan ma da ajami suka fara karatu. Mutum ya kawo magana mai ma'ana a guruf kai kuma ka bar maganar ka kama "yayi" ɗinsa, ka ci masa fuska a banza kuma gobe ba zai sake tofawa ba. In abin zai jawo masa asara ne, kamar tallan kaya ko takardar neman aiki, bi shi ta gefe ka ce "Malam, ga ɗan wuri nan, ka duba kafin mutane su gani."

Yayata dai har yau ba ta sa kibod ɗin Hausa ba, ta ce ba ta da lokacin danne-danne. Kalmar ta canza. Yanzu "ka miqa mata kayan" take rubutawa, da q ɗinta, shi kuma tela saƙon murya yake maido mata, wai ya daina karanta rubutunta a makon sallah.